Gani Ya Kori Ji: Darasin Finafinan Tarihin Jaz ga Manazartan Kiɗan Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa kundayen digiri da aka rubuta a kan waƙar baka a sassan Hausa na jami'o'inmu zai tarar da fasali kusan iri ɗaya: tarihin makaɗi, turken waƙoƙinsa, salo da sarrafa harshe, sannan rataye mai ɗauke da matanin waƙoƙin da aka juyo daga kaset zuwa takarda. Wannan hanya ta yi wa fagen nazari babbar hidima. Ba domin ita ba, da ɗimbin ɗiyan waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba su shiga aji ba. Sai dai akwai kayan da takarda ba ta iya ɗauka. Daga kiɗa makaɗi ya samo sunansa, amma a kundaye da yawa maganar kiɗan kan ƙare ne a sakin layi ɗaya ko biyu, inda za a jero sunayen kalangu da kotso da taushi a wuce. Yadda jagora ke yi wa 'yan amshi inkiya su karɓe, da yadda kiɗa ke sauyawa idan wani babban mutum ya shigo fage, da yadda masu sauraro ke tura makaɗi ya tsawaita ɗa ko ya gajarta shi, duk sukan zube a hanya kafin waƙa ta iso shafi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, akwai wata al'umma da ta fuskanci irin wannan matsala kafin mu, ta kuma sami mafita ta hanyar fim. Ita ce al'ummar kiɗan jaz. Ya kamata manazartan Hausa su kalli finafinan tarihin jaz da idon ɗalibi, su ɗauki dabarun da suka yi amfani, su kauce wa ramukan da aka faɗa, sannan su gwada abin a wani yanki ƙayyadadde. Yankin da nake ba da shawara shi ne masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa.

Me Ya Haɗa Mu da Jaz?

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira a farkon ƙarni na 20, kuma birnin New Orleans ne cibiyarsa ta farko. Ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take. Akwai gindin kiɗa da kowa a ƙungiya ya sani, sai makaɗa su riƙa karɓar fage ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gina nasa a kan gindin, sauran suna riƙe masa rauji har ya dire. Saboda haka kiɗa ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu. Wannan bayani ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta kundin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kan Mamman Shata, domin shi ma Shata a fage yake tsara waƙarsa, 'yan amshinsa suna riƙe da gindi. Matsalar manazarcin jaz da ta manazarcin waƙar baka ɗaya ce: abin nazarin yana faruwa ne sau ɗaya, a gaban mutane, sannan ya wuce.

Alaƙar ba ta tsaya ga kamanni ba. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na jaz, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya mai da hankali ga sarewar Fulani, kuma shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa a 1987. A 2005 Nicolas Humbert da Werner Penzel suka yi fim a kansa mai suna Brother Yusef. Tun kafin shi, Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960, har akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Haka kuma Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 mai suna Africa and the Blues, ya kafa hujja cewa wasu siffofin kiɗan bulus, wanda jaz ya sha nononsa, sun fi kama da kaɗe-kaɗen yankin Sudan ta tsakiya da ta yamma, inda ake rera waƙa da kayan kiɗa masu tsirkiya irin goge, fiye da gangunan gaɓar teku.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Wannan kamanni ba hujja ba ce ta cewa daga ƙasar Hausa jaz ya fito. A Amurka aka haife shi, cikin tarihin bauta da wariya da coci da badujalar soja da gidajen rawa. Mai neman ya mayar da kowane abin kirki na duniya jikan Bahaushe yana ɓata wa fagenmu suna ne kawai. Abin da muke nema a wurin jaz shi ne hanyar aiki.

Abin da Ido ke Ƙara wa Kunne

A ranar 8 ga Disamba 1957 gidan talabijin na CBS ya watsa wani shiri kai tsaye mai suna The Sound of Jazz. A cikinsa Billie Holiday ta rera waƙa, makaɗa suna zagaye da ita. Da aka zo kan Lester Young, tsohon abokin aikinta da suka daɗe ba sa jituwa, sai ya miƙe ya yi 'yar gajeriyar busa. Mai kyamara bai tsaya a kan mai busar ba, ya juya kan fuskar Holiday tana sauraro, tana gyaɗa kai. Dukansu biyu sun rasu a 1959. Har yau ana nuna wa ɗalibai wannan ɗan lokaci domin su gane cewa sauraro ma aiki ne a cikin ƙungiyar kiɗa. Faifai zai ba ka busar, amma ba zai nuna maka wanda ake yi wa ita ba.

Misali na biyu shi ne Thelonious Monk, makaɗin fiyano da aka daɗe ana yi wa kallon bauɗaɗɗe. 'Yan'uwa biyu, Michael da Christian Blackwood, sun bi shi da kyamara a 1967 da 1968, kuma daga waɗannan hotuna Charlotte Zwerin ta haɗa fim ɗin Straight, No Chaser a 1988. Wanda ya kalla zai ga yadda yake shimfiɗe yatsu yana dukan fiyano kamar mai dukan ganga, da yadda ƙafarsa ke riƙe da kari, da yadda yake tashi ya taka rawa yayin da wani ke busa. Abin da kunne ya ɗauka tuntuɓe ne, ido ya nuna cewa da gangan aka yi shi.

Manazarcin Hausa ya san inda wannan zai yi masa amfani. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yana bin karin sautin harshe. Mai algaita yana cika kumatu da iska, yana shaƙar numfashi ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, dabarar da wasu masu busa na jaz irin su Rahsaan Roland Kirk suka shahara da ita. Mai goge da gefen yatsu yake taɓa izga, ba ya danne ta a jikin sanda. A ƙungiyar makaɗan fada kuwa, karɓeɓeniya da ƙari suna tafiya ne da ido da kafaɗa da matsayin da kowa ya tsaya. Waɗannan duka ilimi ne, kuma a jiki yake zaune. David Ames da Anthony King sun tattara mana sunayen kayan kiɗa da muhallan amfani da su a ƙamusunsu na 1971, Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana mazahabar nazarin waƙar baka tun daga Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993. Matakin da ya rage shi ne a nuna aiwatarwar kanta, ta yadda mai karatu zai iya duba hujjar manazarci da idonsa.

Tarihin jaz ya kuma nuna abin da jinkiri ke jawowa. Buddy Bolden, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan kiɗa, ya rasu a 1931 ba tare da an sami ko faifai ɗaya na busarsa ba. Charlie Parker, wanda ya sauya alƙiblar jaz gaba ɗaya, ya rasu a 1955 yana da shekara 34, kuma hotunansa masu motsi 'yan mintoci ne kawai. Wannan asara ce ta sa Jami'ar Tulane ta kafa taskar jaz a 1958, aka riƙa bin tsofaffin makaɗan New Orleans ana ɗaukar hirarsu. Jami'a ce ta yi wannan aiki, kuma daga irin waɗannan taskoki masu finafinai na baya suka ɗebo kaya.

Inda Finafinan Suka Yi Tuntuɓe

Kallon ɗalibi ba ya nufin haɗiye komai. Fim ɗin jaz mafi shahara shi ne na Ken Burns na 2001, mai kashi goma da tsawon kusan awa 19. Ya jawo miliyoyin mutane ga kiɗan, amma masana sun soke shi a kan cewa ya cusa kusan shekara 40 na bayan 1960 a cikin kashi ɗaya na ƙarshe, ya gina tarihin a kan gwaraza ƙalilan, musamman Armstrong da Duke Ellington, ya kuma bar 'yan tsirarun masu sharhi su yanke hukuncin abin da ya cancanci a kira jaz. Wannan cuta muna da irinta. Sunayen da ke yawo a kundayenmu ba su da yawa, kuma galibinsu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano suke. Makaɗin noma da bai taɓa shiga gidan rediyo ba kamar bai taɓa rayuwa ba ne a idon fagen nazari.

Tuntuɓe na biyu shi ne son labarin tausayi. Fim ɗin Bird na Clint Eastwood da Let's Get Lost na Bruce Weber, dukansu na 1988, sun ba shaye-shayen Charlie Parker da Chet Baker fili mai faɗi, har mai kallo kan fita yana tuna wahalar mutumin fiye da fasaharsa. Idan muka ɗauki kyamara zuwa gidan tsohon makaɗi, jarabar nuna rufin da ke yoyo da tsufa da talauci za ta zo mana. Yin hakan ba tare da nuna gwanintarsa ba tozartawa ce, musamman a al'ummar da tun asali take ajiye maroƙa da makaɗa a ƙasan tsani, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo.

Na uku shi ne mantawa da mata. A sanannen hoton da Art Kane ya ɗauka a unguwar Harlem a 1958, makaɗa 57 ne suka tsaya, mata uku ne kacal a ciki. Sai a 2011 Judy Chaikin ta fitar da The Girls in the Band domin cike wannan giɓi. Abin sha'awa shi ne, fim ɗin da Jean Bach ta yi a kan wancan hoto a 1994 ya dogara ne ƙwarai da 'yan hotuna masu motsi da Mona Hinton, matar ɗaya daga cikin makaɗan, ta ɗauka da ƙaramar kyamararta ta gida a ranar. Abin da aka ɗauka wasa ne ya zama hujjar tarihi.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, shi ne ikon mai tace fim. A 2022 Alain Gomis ya fitar da Rewind & Play, wanda ya haɗa daga ragowar hotunan wata hira da gidan talabijin na Faransa ya yi da Monk a 1969. A ciki ana ganin Monk yana faɗin cewa a zuwansa Faris na farko an biya shi ƙasa da sauran makaɗa, mai hirar kuma yana cewa a share wannan magana. An share ta kuwa, sai bayan fiye da shekara 50 ta fito. Haka nan Soundtrack to a Coup d'Etat na Johan Grimonprez, na 2024, ya nuna yadda gwamnatin Amurka ta tura Armstrong Kwango a ƙarshen 1960 a matsayin jakadan zumunci, a daidai lokacin da ake ƙulla makircin da ya kai ga kisan Patrice Lumumba a Janairun 1961. Darasin a fili yake. Kyamara ba shaida ce marar son zuciya ba, kuma tun zamanin majigi, wanda Brian Larkin ya yi nazarinsa a littafinsa na 2008, mun san cewa mai riƙe da ita yana da saƙon da yake son isarwa.

Me Ya Sa Ƙasar Gumel?

Dalili na farko tarihi ne. Mangawa ne suka kafa Gumel wajen 1750, ta zauna ƙarƙashin Barno, kuma ba ta shiga daular Sakkwato ba har zuwan Turawa. Cikin ƙarni na 19 ta yi ta fama da maƙwabtanta, Haɗeja daga gabas da Damagaram daga arewa. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan kiɗan fada ya fito ne daga masarautun daular Usmaniyya, kamar aikin Fremont Besmer na 1974 a kan kiɗan daren Salla a Kano. Fadar Lautai tana ba mu damar tambayar da ba mu cika yi ba: wane ɓangare na busa da kiɗan sarauta ne gadon Barno, wanne ne aka yi tarayya da Kano da Haɗeja, wanne kuma ya yi kama da na fadar Damagaram, inda Ma'azu Ɗan Alalo ya yi suna? Matani kaɗai ba zai amsa wannan ba. Sai an ga jerin hawan Salla, an ga wa ke gaba wa ke baya, an ji taken kowane basarake daga bakin mai kaɗa shi.

Dalili na biyu kasuwa ce. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari kan tara fatake da makiyaya daga Nijeriya da Nijar da ma nesa da nan, da shanu da raƙuma da dawaki da tumaki. Inda mahauta da dillalai da masu kuɗi suka taru, nan maroƙa da makaɗa kan nemi abinci. Iyakar da aka shata tsakanin Ingila da Faransa ta raba hukuma, amma biki da aure da kiɗa suna ƙetare ta kullum. Wannan ya sa Maigatari ta zama wurin da za a ga yadda salon kiɗa ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kamar yadda tashar jiragen ruwa ta New Orleans ta tara al'ummu daban-daban.

Dalili na uku karkara ce. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar gero da dawa da riɗi da zoɓo, Hausawa da Mangawa da Fulani suna zaune tare. A irin wannan muhalli ne gangar noma da kiɗan dambe da kokawa bayan kaka, da sarewar makiyayi, da waƙoƙin daka da niƙa da kiɗan ƙwarya na mata suke da gurbi. Su ne kuma suka fi fuskantar barazana, domin aikin da ya haife su yana sauyawa. Inda injin niƙa ya shiga, waƙar niƙa kan yi shiru. Inda aka daina gayya, mai gangar noma ya rasa fage. A gidan biki kuwa, hayar lasifika da mai saka waƙoƙin fiyano ta fi sauƙi a kan ɗauko ƙungiyar mutum shida da ciyar da su. Ɗan makaɗi da ya ga haka ba shi da dalilin zama ya koyi ɗaurin ganga. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma ba aikin manazarci ba ne ya hana sauyi. Aikinsa shi ne kada abin ya wuce ba a rubuta shi ba.

Dalili na huɗu shi ne akwai masu yin aikin a kusa. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana cikin garin, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, Jami'ar Tarayya tana Dutse, Jami'ar Bayero kuma tana Kano. Ɗaliban da ke karatu a waɗannan wurare da yawansu 'ya'yan yankin ne, sun san ƙauyukan, an kuma san iyayensu.

Ƙorafe-ƙorafen da Za a Iya Yi

Wani zai ce nazarin Hausa nazarin harshe da adabi ne, kiɗa kuwa na sashen kiɗa ne. Amsa ita ce, mu da kanmu muke koyar da cewa waƙar baka ba ta cika sai da aiwatarwa. Take magana ce da aka zuba a ganga, kirari kuma yana tafiya da busa. Idan muka bar wannan ga sassan kiɗa, waɗanda ba su da yawa a jami'o'in Arewa, to mun bar shi ga babu.

Wani zai kawo maganar addini. Matsayin kiɗa abu ne da malamai suka daɗe suna tattaunawa, kuma Veit Erlmann ya nuna a aikinsa na 1986 cewa shugabannin jihadi sun rarrabe tsakanin nau'o'in kaɗe-kaɗe da muhallansu, ba su yi musu kuɗin goro ba. Ko ma wane ra'ayi mutum ya bi, adana bayanin abu daban yake da yin fatawa a kansa. Mun rubuta kundaye a kan bori da tsafe-tsafen Maguzawa ba tare da wani ya zarge mu da kira zuwa gare su ba.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. A zamanin Ames sai an yi jigilar na'ura mai nauyi daga ƙasar waje. Yau waya mai kyamara, da makirfo mai kyau, da abin kafa wayar don kada ta yi rawa, sun isa a fara. Ƙarancinmu na tsari ne. YouTube da Facebook cike suke da bidiyon Shata da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji da Barmani Coge, amma da yawansu babu kwanan wata, babu sunan gari, babu sunan ko ɗan amshi ɗaya, an kuma yanke farko da ƙarshe. Irin wannan yana da daɗin kallo, sai dai da wuya a kafa hujja da shi.

Abin Yi

Da farko, a shigar da kallon zaɓaɓɓun finafinan jaz cikin darasin dabarun bincike na masu digiri na biyu da na uku. Ɗalibi ya kalli The Sound of Jazz ya rubuta inda kyamara ta tsaya da dalili, ya kalli Rewind & Play ya rubuta abin da aka yanke da wanda ya amfana da yankewar. Wannan horo zai wasa idonsa kafin ya fita fage.

Na biyu, a ɗauki kiɗa a muhallinsa, daga ɗaura ganga har zuwa rabon kuɗi, ba tare da yankewa ba. Kyamara ɗaya ta ɗauki ƙungiya da jama'a gaba ɗaya, wata ta bi hannuwa da fuskoki. Taro makaɗa a ɗakin taro a ba su minti biyar-biyar yana samar da nishaɗi, ba ya samar da bayanin yadda sana'ar take.

Na uku, a bar makaɗi ya yi bayani da bakinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka ma sharhinta. A nuna masa hoton da aka ɗauka, a tambaye shi me ya sa ya sauya kiɗa a wuri kaza, me taken ke cewa, wa ya koya masa, wane suna suke kiran wannan dabara. Daga nan ne za mu sami kalmomin fannu na asali, maimakon mu ƙirƙiro su a ofis. A rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya, har da mai ɗaukar kaya, domin gobe shi ne jagora.

Na huɗu, a horar da ɗalibai mata su ɗauki kaɗe-kaɗen cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Matan da aka ɗauka su ne za su faɗi wanda zai kalla. Abin da suka ce na taska ne kawai, kada a gan shi a intanet.

Na biyar, a yi yarjejeniya a fili. Kiɗa sana'a ce, da ita makaɗi ke ci da iyalinsa. A biya shi lokacinsa, a karanta masa sharuɗɗa da Hausa a gaban shaidu, a kuma ba shi kwafi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga masu aiwatar da wasa da kuma fasahohin gargajiya, don haka wannan ya wuce kyautatawa, wajibi ne.

Na shida, a samar da taska. A ajiye ainihin hotunan da ba a tace ba a wuri biyu aƙalla, ɗaya a Gumel inda masu abin za su iya zuwa, ɗaya a wata jami'a, kowanne da takardar bayanin rana da wuri da dalilin taro da sunayen mahalarta. Ragowar da aka ajiye ce ta ba Zwerin da Gomis damar yin finafinansu shekaru da yawa bayan ɗauka. Sannan sassanmu su amince da irin wannan aiki a matsayin ɓangare na kundi, mai maki, wanda mai jarrabawa zai kalla kamar yadda yake karanta babi.

Kammalawa

Finafinan tarihin jaz sun koya wa mutanen da ba su taɓa taka Amurka ba yadda za su saurari kiɗan, suka san makaɗansa da fuska da suna. An cim ma haka ne saboda wasu sun kafa kyamara tun makaɗan suna raye, wasu kuma sun adana abin da aka ɗauka. Barmani Coge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma waɗannan shahararru ne da aka ɗan samu hotunansu. Tsohon da ya san taken kowane basarake a fadar Gumel, da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin kamun amarya a wani ƙauyen Sule Tankarkar, ba su da gidan talabijin da zai neme su. Idan sashe ɗaya ya tura ɗalibai huɗu, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, daga kakar bana zuwa Babbar Salla, za a sami harsashin taskar da manazartan gaba za su yi aiki da ita.